Hatimin Da Ke Kan Daɓe: Abin Da Amurka Ta Gina A Shekarun Yunwa



Makonni uku da suka wuce, wani tsohon ɗalibina da ke ƙaro ilimi a jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka ya aiko mini da hoto ta WhatsApp. Na buɗe ina tsammanin ganin dogayen benaye ko dusar ƙanƙara, irin abin da yaranmu kan turo gida idan sun je can. Sai na tarar hoton ƙasa ne kawai: daɓen siminti na gefen titi wanda masu tafiya da ƙafa ke bi, ga kan takalminsa ya leƙo daga gefe. A tsakiyar daɓen akwai hatimi da aka danna tun simintin yana ɗanye, mai ɗauke da haruffa uku, WPA, da kuma shekara, 1939. A ƙasan hoton ya rubuta cewa: "Malam, kullum ta kan wannan nake bi in je aji. Ya girmi kakana, kuma har yanzu lafiyarsa lau."

Na daɗe ina kallon hoton nan. Haruffan uku sunan wata hukuma ce da gwamnatin Amurka ta kafa a 1935 domin ta ba marasa aikin yi aiki. Mutanen da suka kwaɓa wannan siminti matalauta ne da aka zaɓo daga jerin masu karɓar agaji, domin 'ya'yansu su samu abin kaiwa baka. Sun ci albashinsu ya ƙare, su ma sun riga mu gidan gaskiya, hukumar da ta ɗauke su an rufe ta tun 1943. Ga daɓen nan kuwa yana ta aiki, har ɗan Arewacin Nijeriya yana takawa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi labarin a yau, a lokacin da kalmar "tallafi" ta zama ruwan dare a bakin gwamnatocinmu.

A watan Oktoba na 1929 ne kasuwar hannayen jari ta birnin Niyok ta rushe, ta ja tattalin arzikin Amurka da na duniya zuwa cikin rami. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe, suka tafi da ajiyar jama'a. Zuwa farkon 1933, mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi, wato mutane kusan miliyan 13. Magidantan da aka kora daga gidajen haya suka kafa bukkokin kwali da tsofaffin kwanuka a bayan gari, suka laƙaba wa unguwannin sunan shugaban ƙasa na lokacin, Herbert Hoover, don shaguɓe. A ƙauyuka kuwa farashin masara ya faɗi har wasu manoma suka ga ya fi musu sauƙi su hura wuta da ita a lokacin sanyi da su kai ta kasuwa su sayo gawayi.

Guguwar ba ta tsallake kakanninmu ba. Farashin gyaɗa da na auduga ya karye a Kano da Zariya, alhali haraji yana nan sai an biya shi da tsabar kuɗi. A 1931 aka ƙulla yarjejeniyar rage haƙar kuza a duniya, aka sallami ɗimbin leburori daga ma'adinan Jos. Maganin da gwamnatin mulkin mallaka ta ga ya dace shi ne tsuke bakin aljihu: rage ma'aikata, dakatar da ayyuka, da matsa wa talaka ya biya abin da ke kansa. Amurka ma da farko hanyar da ta fi karkata gare ta ke nan, har zuwa ranar 4 ga Maris, 1933, da aka rantsar da Franklin Roosevelt. Ya kira shirinsa New Deal, wato sabon rabo, kamar yadda 'yan karta kan tattara kati su sake rabawa idan wasa ya rikice.

Tambayar da ta fara fuskantar sabuwar gwamnati ita ce wadda ke gaban gwamnatocinmu a yau: a raba wa mutane kuɗi da hatsi ne, ko a ba su aiki a biya su? Rabon kuɗi ya fi araha, domin ba ya buƙatar siminti ko injiniya ko mai duba aiki. An kuma yi shi a farko, saboda yunwa ba ta jira. Amma Roosevelt ya tsaya a kan cewa dogon zama a kan sadakar gwamnati yana kashe zuciyar mutum, har ya kamanta shi da ƙwaya mai sa maye a jawabinsa ga majalisa a farkon 1935. Don haka aka karkata ga aiki.

Matasa aka fara kamawa. Ƙasa da wata guda da hawansa, majalisa ta amince da kafa rundunar matasa masu kula da dazuzzuka da ƙasar noma, wadda aka sani da CCC. Ana ɗaukar saurayi marar aure ɗan shekara 18 zuwa 25, a kai shi sansani a daji ƙarƙashin kulawar sojoji, a ba shi abinci da tufafi da wurin kwana, a biya shi dala 30 a wata. Daga ciki dala 25 ba ta shiga hannunsa, kai tsaye ake aika wa iyayensa. Kafin a rufe shirin a 1942, matasa kusan miliyan uku sun ratsa ta cikinsa, kuma an ƙiyasta sun dasa bishiyoyi kusan biliyan uku, ban da hanyoyin daji da ƙananan madatsu da shingayen hana zaizayar ƙasa. A filayen tsakiyar ƙasar, inda fari da mugun noma suka mayar da gonaki ƙura, wani shiri na daban ya dasa bishiyoyi miliyan 220 a jere a jere daga iyakar Kanada zuwa Teksas tsakanin 1935 da 1942 domin su tare iska. Duk wanda ya san yadda hamada ke cin gonaki a Yobe da Jigawa da Sakkwato zai fahimci darajar wannan aiki.

Sai dai ainihin darasin, a ganina, yana cikin saɓanin da ya shiga tsakanin mutum biyu da Roosevelt ya damƙa wa kuɗin ayyuka. Na farko shi ne Harry Hopkins, ɗan wani mai ɗinkin kayan doki daga jihar Iowa, wanda ya yi rayuwarsa yana aikin jin ƙai a unguwannin talakawan Niyok. A ranar da ya kama aiki a watan Mayu na 1933, teburinsa ma ba a shigar da shi ofis ba, yana baranda, amma cikin sa'o'i biyu ya sa hannu a kan fitar da fiye da dala miliyan biyar zuwa jihohi. An ruwaito cewa da wani ya kawo masa shawarar da za ta yi amfani nan gaba, sai ya amsa da cewa mutane ba nan gaba suke cin abinci ba, kullum suke ci. Da sanyin ƙarshen 1933 ya ƙarato, ya kafa wani shirin gaggawa wanda cikin kimanin wata biyu ya ɗauki mutum miliyan huɗu aiki.

Na biyu shi ne Harold Ickes, lauya daga Shikago kuma ministan harkokin cikin gida, wanda aka ba shi hukumar manyan ayyuka ta PWA da dala biliyan 3.3 a watan Yuni na 1933. Shi mutum ne mai zargi da taurin kai. Yakan zauna ya karanta takardun kwangila da kansa, ya kafa sashen masu bincike da ke bin diddigin 'yan kwangila da ma'aikatansa baki ɗaya. Kowane aiki sai injiniyoyi sun duba zanensa, masana kuɗi sun duba yadda za a biya, lauyoyi sun duba ko doka ta yarda. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Harold mai gaskiya, kuma saboda haka ne watanni suka yi ta wucewa kuɗi na ajiye, mayunwata na jira.

Mutanen nan biyu ba sa ga maciji da juna. Ickes yana ganin Hopkins almubazzari ne da ke biyan mutane su share ganye. Hopkins yana ganin Ickes zai bar jama'a su mutu yana lissafin kwabo. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, wannan hujjar Ickes ce. Ya kuma ce da babu gara ba daɗi, wannan ta Hopkins ce. Roosevelt bai kori ko ɗaya ba. Ya bar wa Ickes manyan ayyuka masu cin ƙarfe da siminti da ake ba kamfanoni kwangila, ya ba Hopkins ƙananan ayyuka masu cin hannaye da yawa waɗanda gwamnati ke ɗaukar leburorinsu da kanta. Kishin da ke tsakaninsu ya yi wa ƙasar amfani, domin sukar da ake yi wa Hopkins ta tilasta masa ya nemi ayyukan da za a iya nunawa da yatsa.

A nan ne hukumar da ke kan hatimin ɗalibina ta shigo. An kafa WPA ranar 6 ga Mayu, 1935, daga cikin wani kasafi na dala biliyan 4.88 da majalisa ta amince da shi. Yadda take aiki abin lura ne. Gari ko gunduma ko hukumar makarantu ce za ta kawo buƙata: muna son aji shida, ko magudanar ruwa, ko gada a kan rafi kaza. Ita za ta kawo zane, ta ba da fili, ta kuma ɗauki wani kaso na kuɗin, galibi na kayan aiki, wanda daga baya doka ta kai shi kashi 25 cikin ɗari a kowace jiha. Gwamnatin tarayya kuma ta biya albashi. Akalla tara cikin goma na ma'aikatan dole su fito daga jerin mabuƙata da aka tantance, kuma mutum ɗaya ake ɗauka daga kowane gida. Albashin ya kama daga dala 19 zuwa 94 a wata, gwargwadon yanki da ƙwarewa. An tsara shi ya fi kuɗin agaji, amma kada ya kai na kamfani, domin kada mutum ya miƙe ƙafa idan aikin dindindin ya samu.

Tun da kusan duk kuɗin tarayya a albashi yake tafiya, sai garuruwa suka koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. A Oklahoma an fasa duwatsun yankin an gina makarantu da dakunan taro da su, shi ya sa gine-ginen lokacin suke da launin ƙasar wurin. A ƙauyukan jihar New Mexico an gina azuzuwa da tubalin laka busasshe, wanda maginan gargajiya na Kano da Zariya za su gane da kallo ɗaya. A kan dutsen Hood na jihar Oregon an gina wani katafaren masauki mai suna Timberline, wanda Roosevelt da kansa ya buɗe a watan Satumba na 1937. Tsofaffin turakun waya aka sassaƙa aka yi ginshiƙan matakala, tsofaffin ƙarafan layin dogo maƙera suka lanƙwasa suka yi kayan murhu, mata kuma suka saƙa dardumai da tsofaffin barguna da kakin matasan CCC. Tsofaffin masu sana'a suka koya wa leburori aiki a wurin, mutum ya zo da shebur ya koma gida yana kafinta.

Da aka rufe hukumar a ƙarshen Yuni na 1943, ta ba mutum miliyan 8.5 aiki a cikin shekara takwas, a kan kuɗi kusan dala biliyan 11. Ta gina ko ta gyara hanyoyi masu tsawon mil 650,000, wato sama da kilomita miliyan ɗaya, da gine-ginen jama'a kimanin 125,000, da filayen jirgin sama kusan 800, ciki har da na LaGuardia a Niyok da aka buɗe a 1939. Ta gina sababbin gadoji 78,000. Ta kuma gina masai mai tsafta fiye da miliyan biyu a ƙauyuka, aikin da ba wanda zai yanka masa kintinkiri, amma ya rage zazzaɓin taifot da tsutsar ciki. Mata sun yi ɗinki, sun dafa wa 'yan makaranta abinci, a tsaunukan Kentaki kuma sun riƙa kai littattafai gida-gida a kan dawaki da alfadarai. Mun san waɗannan alƙaluma ne domin bayan rufe hukumar an zauna an buga cikakken rahoto, jiha bayan jiha, an ƙirga har kwalbatoci.

Hukumar Ickes kuwa, duk da nawarta, ta kammala ayyuka kusan 34,000. An ƙiyasta cewa bakwai cikin kowane sababbin makarantu goma da aka gina a Amurka tsakanin 1933 da 1939 da kuɗinta aka gina su, haka kusan kashi ɗaya cikin uku na asibitoci. Da kuɗinta aka kammala gadar Triborough a 1936, aka haƙa hanyar mota ta Lincoln a ƙarƙashin kogin Hudson, aka fara madatsar Grand Coulee a kan kogin Kolumbiya. Biliyoyin daloli sun bi ta hannun mutumin nan ba tare da wata babbar badaƙala ta manne masa ba.

A gefe guda, tun watan Mayu na 1933 aka kafa hukumar raya kwarin kogin Tenesi, TVA, a yankin da ya ratsa jihohi bakwai, inda talauci da ambaliya da zazzaɓin cizon sauro suka yi katutu. Ta gina jerin madatsu, ta fara da ta Norris da aka kammala a 1936, ta haɗa samar da lantarki da hana ambaliya da koyar da manoma amfani da taki. Wannan tsari ya yi suna a duniya. Indiya ta kwaikwaye shi a kwarin Damodar a 1948, kuma hukumomin raya koguna da Nijeriya ta kafa a shekarun 1970 daga irin wannan tunani suka tsiro. A 1935, gona ɗaya ce cikin goma take da wutar lantarki a Amurka, domin kamfanoni sun ce kai waya ƙauye ba riba. Gwamnati ta ba ƙungiyoyin gama kai na manoma rance mai sauƙi suka kafa turaku da kansu. Zuwa farkon shekarun 1950, tara cikin goma suna da wuta.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyai ne suka yi wannan aiki. Wariyar launin fata ta bi kuɗin duk inda suka je. A 1935 aka raba sansanonin CCC, na farare daban, na baƙaƙe daban. A jihohin kudu jami'an gari ne ke tantance mabuƙata, sukan kuma cire baƙaƙen fata daga jeri idan kakar auduga ta zo domin masu gonaki su samu leburori masu araha. Ickes, wanda ya taɓa shugabantar reshen Shikago na ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya tilasta wa 'yan kwangila su ware musu kaso na aiki, amma gidajen da hukumarsa ta gina a Atlanta an raba su ne, unguwar Techwood ta farare, wata daban ta baƙaƙe. Madatsar Norris ta tashi iyalai kusan 3,000, aka tone kaburbura fiye da 5,000 aka sauya musu wuri. Grand Coulee ta toshe hanyar kifin da ƙabilun 'yan asalin ƙasar suka dogara da shi tun kaka da kakanni, ta kuma nutsar da wuraren sunsu. Mutanen tsohuwar Bussa, da ruwan Kainji ya cinye garinsu, sun san irin wannan ciwo.

Siyasa ma ta sa hannu. A zaɓen fitar da gwani na 1938 a Kentaki, wani ɗan jarida mai suna Thomas Stokes ya bankaɗo yadda ake matsa wa ma'aikatan WPA su goyi bayan ɗan takarar da gwamnati ke so, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Pulitzer. Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi. A 1939 majalisa ta zartar da dokar Hatch, wadda ta haramta yi wa mutum alkawarin aikin agaji ko barazanar raba shi da shi saboda ƙuri'arsa. An kama ɓaraka, an kuma toshe ta da doka.

Haka nan ayyukan ba su ne suka kawo ƙarshen karayar tattalin arzikin ba. A 1937, da aka ga alamun sauƙi, gwamnati ta rage kashe kuɗi don daidaita kasafi, sai ƙasar ta sake faɗawa rami, rashin aikin yi ya tashi daga kimanin kashi 14 zuwa 19 cikin ɗari a 1938. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe masana'antu sannan kowa ya samu aiki. To amma da yaƙin ya zo, wutar Grand Coulee da ta TVA ce ta narka sanholon da aka ƙera jiragen sama da shi, kuma jiragen ruwan yaƙi biyu, Yorktown da Enterprise, da kuɗin hukumar Ickes aka ƙera su. Abin da aka gina don rage raɗaɗin yunwa shi aka tarar a ajiye ranar da babbar buƙata ta taso.

Yanzu mu dawo gida. A watan Janairu na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ayyuka na musamman na mutum 774,000, wato dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata har wata uku, da kasafin naira biliyan 52. Niyyar iri ɗaya ce da ta Hopkins, kuma na tabbata kuɗin sun kashe wa gidaje da yawa wata gobara. Amma mai karatu zai tuna cewa babbar taƙaddamar da aka yi kafin a fara, tsakanin ma'aikatar ƙwadago da 'yan majalisar tarayya a 2020, a kan wanda zai zaɓi sunaye ce. Ayyukan da aka ambata galibi shara ne da yasar magudanai da cike ramukan titi, masu amfani a ranar da aka yi su, waɗanda ruwan sama ɗaya ke shafewa. Ina roƙon mai karatu ya zaga ƙaramar hukumarsa ya nemo abu guda da zai dafa ya ce mutum dubun nan ne suka gina shi. Idan ya samu, ya rubuto mana, zan buga a wannan fili da farin ciki.

Na san halinmu da na Amurkan 1933 ba ɗaya ba ne. Su farashi ne yake faɗuwa, mu tashi yake yi. Su suna da masana'antun ƙarfe da ke zaune ba aiki, suna kuma cin bashi da kuɗin ƙasarsu a kan ruwa kaɗan, mu kuwa kuɗin ruwa na cinye babban kaso na abin da gwamnati ke samu. Ba za mu iya kashe irin abin da suka kashe ba. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa bai kamata ɗan abin da muke da shi ya tafi ba tare da ya bar sawu ba. Buhun shinkafar tallafi yana ƙarewa cikin mako biyu. Kuɗin buhun nan, idan aka biya shi a matsayin lada ga wanda ya ɗauki kwanon sarki a wurin gina aji, shinkafar dai zai saya, sai dai a wannan karon akwai aji. Tsofaffi da marasa lafiya da masu shayarwa a ba su kyauta, haƙƙinsu ne. Majiya ƙarfi kuwa aiki suke nema.

Abubuwan da za a ara daga wannan tarihi ba masu tsada ba ne. A fara rubuta jerin ayyuka kafin a rubuta jerin sunaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ƙaramar hukuma ta kasance tana da zane da ƙiyasin ayyuka a ajiye, waɗanda mutanen mazaɓu suka zaɓa da bakinsu: rufin azuzuwa, kwalbati, rumbun hatsi, masai a kasuwa da tasha, shingen bishiyoyi. Jiha ko ƙaramar hukuma ta sa nata kason, ko da yashi ne da dutse da fili, domin abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya bari ya lalace. A haɗa kowane ayarin leburori da birkila ko kafinta ko maƙeri, domin wata uku su zama makaranta. A samu mai sauri da zai fitar da kuɗi, a kuma samu mai zargi da zai bi sawunsu, kada a haɗa ayyukan biyu a hannun mutum ɗaya. A yi doka mai haƙora da za ta raba wannan aiki da katin jam'iyya. A ƙarshe a buga rahoto, mazaɓa bayan mazaɓa, a liƙa shi a sakatariya kowa ya karanta. A kuma tanadi kuɗin gyara, domin masaukin Timberline ma da aka yi sakaci da shi sai da ya lalace har aka rufe shi a 1955, kafin a samu wanda ya farfaɗo da shi.

Sai maganar hatimi, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. A hoton da ɗalibina ya turo babu sunan gwamna, babu hoton sanata, babu tambarin jam'iyya. Sunan hukuma ne da shekara. Mu a nan mun saba da ƙaton allo mai ɗauke da fuskar mai girma, wanda sau da yawa yakan fi aikin da yake tallatawa ƙarko, kuma wanda magajinsa zai sa a shafe da fenti. Hatimin da aka danna a ɗanyen siminti ba ya gogewa sai an fasa daɓen. Idan aikin ya yi kyau, shaida ce ga waɗanda suka yi shi har bayan ransu. Idan ya tsage bayan damina biyu, kowa ya san shekarar da aka yi shi da hukumar da za a tambaya. Birkilan da ya san za a danna shekara a kan aikinsa zai yi tunani sau biyu kafin ya rage siminti. A yau akwai masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da suka duƙufa suna tattara dubban irin waɗannan wurare a kan taswira, kuma irin waɗannan hatimai da allunan tagulla suna cikin abin da ke yi musu jagora.

Na mayar wa ɗalibina amsa na ce ya ci gaba da takawa a hankali, gumin talakawa ne. Na kuma roƙe shi idan ya dawo ya zo mini da hoton a takarda, ina so in kai wa shugaban ƙaramar hukumarmu. Matsin da muke ciki zai wuce, kamar yadda na 1930 ya wuce, kuma kuɗin da ake rabawa da sunan tallafi za a kashe su ko ta wace hanya. Abin da ya rage mana zaɓi a kai shi ne ko jikokinmu za su tarar da wata gada ko wani aji mai ɗauke da shekarar da muka sha wuya.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani na baya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.